Manhajar ƴan albasa da injuna uku: yadda aikin ya tafi daga Tawa zuwa Yamai

Wata ƙungiyar manoma da dillalan albasa a nan Tawa tana da manhajar da take rubuta buhunan da suka shiga mangaza, nauyinsu, sunan mai su, da bashin da ke kan kowa. Wani matashi ne ya rubuta musu ita da harshen kwamfuta na C shekarun baya, daga bisani ya tafi Abijan cirani kamar yawancin samarin Adar, ya bar musu rubutun manhajar a cikin kile, wato ɗan USB. Tana aiki lafiya lau a kan kwamfutar biro mai Ubuntu 22.04, wani nau'in tsarin aiki na Linux. Abin da ya dame su shi ne kuran: da an ɗauke wuta, batirin kwamfutar ba ya jimawa, sai a koma littafi da alƙalami, da dare magatakarda ya zauna yana sake shigarwa. Shi ya sa suka tanadi ƙananan injunan nan na Raspberry Pi guda uku, masu cin volt 5 kawai, waɗanda pano ɗaya da batir za su riƙe wuni guda. Biyu Pi 4 ne, ɗaya kuma Pi Zero W da za a kai wurin awo a hanyar Galmi. Aikina shi ne in sa manhajar ta tashi a kan dukkansu. Na rubuta yadda abin ya gudana daki-daki saboda ƴan'uwa masu wannan sana'a, domin kusan duk bayanin da ke intanet yana ɗauka kana da rezo mai ƙarfi da ɗaki mai sanyi.

Da na isa biro na tarar magatakarda ya riga ya kwafi manhajar daga kwamfutar ya zuba ta a Pi ɗaya. Ya juyo mini allo, ga abin da injin ya amsa: cannot execute binary file: Exec format error. Alhaji shugaban ƙungiya yana zaune gefe, ya ce, "Malam, yaron nan ya ce injin sabo ne hul, to mi ya hana shi karatu?" Na ce masa, "Alhaji, lafiyarsa ƙalau, sai dai takardar da aka ba shi ba da yarensa aka rubuta ta ba." Gaskiyar kenan. Rubutun C mutum ne ke karanta shi. Wata manhaja mai suna kompaila ce ke mayar da shi umarnin da furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ke ganewa, kuma kowane jinsin furosesa da nasa umarnin. Kwamfutar biro tana kan x86-64, tsarin da kamfanin AMD ya fito da shi a 2003, wanda Ubuntu da Debian, wani nau'in Linux ɗin, ke kira amd64 ko da furosesar Intel ce a ciki. Pi kuwa ARM ne. Duk wanda ya ga wancan saƙo, ya buga umarnin file tare da sunan manhajar, zai ga an rubuta masa ELF 64-bit da x86-64 ɓaro-ɓaro. Babu abin da za a gyara a wannan fayil ɗin, sai dai a koma ga rubutun asali a sake ginawa.

Kafin komai sai da na tambayi kowane inji shi wane ne, kuma tun a nan abin ya fara ruɗarwa. Umarnin da kowa ke fara bugawa shi ne uname -m. Pi Zero ya ce armv6l. Pi 4 na farko ya ce aarch64, na biyun ma ya ce aarch64, ka ce tagwaye ne. Amma da na buga dpkg --print-architecture, na farkon ya ce arm64, na biyun ya ce armhf, kuma getconf LONG_BIT ya ba ni 64 a ɗaya, 32 a ɗayan. Dalili shi ne uname kanel kawai yake tambaya, wato zuciyar tsarin aikin injin, kuma Raspberry Pi OS mai bit 32 yana iya tashi da kanel mai bit 64 a kan Pi 4, alhali duk laburaren da manhaja za ta jingina da su masu bit 32 ne. Wanda ya sayar musu da injunan bai yi musu ha'inci ba. Sigar bit 64 ta wannan tsarin ba ta fito a hukumance ba sai a Fabrairun 2022, katunan memori da yawa da ke yawo a kasuwa a lokacin tsohuwar ce a kansu. Na kuma buga ldd --version a kowanne, na rubuta a littafina: Pi mai bit 64 yana kan Debian 11, wanda aka gina Raspberry Pi OS ɗinsa a kai, da glibc 2.31, wato babban laburaren C. A lokacin lambar ba ta ce mini komai ba, amma ta dawo daga baya. Lissafi ya tsaya a kan gini uku: amd64 na biro, arm64 na Pi ɗaya, sai gini mai bit 32 na ARMv6, wanda zai yi wa Zero aiki ya kuma yi wa Pi 4 na biyu, tunda sabon ARM yana karanta umarnin tsohon.

Hanya mafi sauƙi ita ce a gina a kan Pi ɗin kansa, kuma ita na fara bi. Lokacin bazara ne, watan Afrilu, biron rufin kwano, zafin waje ya wuce digiri 40 tun kafin azahar. Pi 4 ya fara aiki da kuzari, can sai ya koma tafiyar hawainiya. Umarnin vcgencmd measure_temp ya nuna ya haura digiri 80, wanda shi ne inda injin ke rage wa kansa gudu don kada ya ƙone. Muka juyo masa fankar tebur, magatakarda yana ta dariya wai injin ya fi mu gata. Da haka ya gama. Zero kuwa labari ne daban: ƙwaya ɗaya ce furosesarsa, memorinsa mega 512, kuma manhajar tana ɗauke da SQLite, rumbun adana bayanai, a matsayin fayil guda ƙato mai suna sqlite3.c. Ya daɗe yana nishi a kansa, daga ƙarshe kanel ya kashe kompailar saboda memori ya ƙare, ya bar mini kalma ɗaya a allo, Killed. Ana cikin sake gwadawa aka ɗauke kuran, don ba a riga an kafa pano ba. Da wuta ta dawo sai make, umarnin da ke tafiyar da gini, ya fara ƙorafin Clock skew detected. Waɗannan injuna ba su da agogo mai batir a jikinsu, sai daga Pi 5 na 2023 aka sa shi; idan suka mutu babu intanet, sai su farka da lokacin da suka adana na ƙarshe, su ga fayiloli kamar daga gobe suka zo. Na ga cewa ko an yi nasara sau ɗaya, duk ranar da aka gyara layi guda a manhajar sai an sake wannan wahala. Dole a koma ginin ƙetare, wato a gina wa ARM a kan kwamfutar biro mai ƙarfi.

Kayan aikin ginin ƙetare sai an sauke su, kuma rezon unguwarmu ba ya ɗaukar babban saukewa ba tare da ya yanke ba. Akwai wani yayana a sana'a a Yamai da ke da intanet mai kyau a wurin aikinsa, ya kuma daɗe yana hulɗa da ƙananan injuna, na yanke shawarar in je. Ma'ajin ƙungiya ba ya fitar da ko dala sai da takarda, kuma ban ga laifinsa ba, kuɗin jama'a ne. Ya ce in rubuto ƙiyasin kuɗin mota, forfe na intanet, abinci, da katunan memori na gwaji, Alhaji ya sa hannu, shi kuma ya buga hatimi. Alhaji ya tafi Madawa ta'aziyya, aka yi ta jira har ya dawo. Ya kuma sa na rubuta wata takardar cewa na ɗauki Pi biyu da kwamfutar biro zuwa Yamai, da lambobin jikinsu, wadda ta yi amfani a hanya da aka tambaye ni abin da ke cikin jaka. Duka ƙiyasin ya ɗan haura jika talatin, da sharaɗin in dawo da rasit na kowane abu. Muka tashi da asuba, ta Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, muka shiga Yamai rana ta yi sanyi. Kafin tafiya na kwafi katin kowane Pi gaba ɗaya da umarnin dd na ajiye a faifai, kuma wannan kwafin ya zama abu mafi amfani da na ɗauka.

A wurin Yaya muka fara da arm64. An sa crossbuild-essential-arm64, wanda ya kawo aarch64-linux-gnu-gcc da ƴan rakiyarta. Wannan dogon suna yana faɗin furosesa, da tsarin aiki, da irin laburaren C, kuma da shi ake gane kowace kompaila wa take yi wa aiki. Manhajar tana buƙatar libcurl don aika taƙaitaccen lissafi idan an samu rezo, saboda haka sai an samo libcurl na arm64. Aka buga dpkg --add-architecture arm64, aka buga apt update, sai allo ya cika da 404, wato ba a samu fayilolin ba. Na ɗauka intanet ɗin ne. Yaya ya leƙo ya ce, "Ƙane, Ubuntu ba ta ajiye kayan ARM a rumbu ɗaya da na amd64." A Ubuntu 22.04, kayan arm64 suna ports.ubuntu.com, ba archive.ubuntu.com ba. Sai an buɗe sources.list, a sa arch=amd64 a kowane tsohon layi, a ƙara sababbin layuka na ports masu arch=arm64. A Debian babu wannan, duka jinsunan a rumbu guda suke.

Daga nan aka shiga CMake, manhajar da ke tsara yadda za a yi gini, inda aka fi daɗewa. Ana rubuta ƙaramin fayil da ke gaya masa cewa tsarin Linux ne, furosesa aarch64, kompaila kaza, sannan a miƙa masa shi da CMAKE_TOOLCHAIN_FILE. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dole a share foldar gini a buɗe sabuwa, don CMake yana riƙe kompailar da ya fara gani, ba ya sauya ta a tsakiyar hanya ko ka ba shi fayil goma. Kuskuren farko ya fito nan take: kompailar ta ce ba ta san -msse4.2 ba. Wanda ya rubuta manhajar ya sa wannan tuta tare da -march=native don neman sauri. SSE umarnin furosesar Intel da AMD ne, ARM ba ta da shi, nata NEON ne. Native kuwa cewa yake a gina daidai da injin da ake kai, abin da ba shi da ma'ana a ginin ƙetare. Manhajar ƙirga buhu ba ta buƙatar ko ɗaya, muka cire su. Na biyu ya fito a ƙarshen gini, wurin haɗawa: file in wrong format. An gina komai da ARM, amma pkg-config, mai nemo wa gini laburare, ya je ya ɗauko libcurl na kwamfutar biro daga /usr/lib/x86_64-linux-gnu. Maganinsa a nuna masa PKG_CONFIG_LIBDIR zuwa /usr/lib/aarch64-linux-gnu/pkgconfig, don ya daina leƙa gidan da ba nasa ba. Na uku wani gwaji ne da CMake ke yi da try_run, wato ya gina ƙaramar manhaja ya kunna ta don ya ga amsarta. Ba zai iya kunna ta ARM a kan amd64 ba, sai an ba shi amsar da hannu ko a nuna masa QEMU, mai kwaikwayon furosesar ARM, ta CMAKE_CROSSCOMPILING_EMULATOR. Akwai kuma wani ƙaramin laburare na karanta sikeli mai amfani da configure wurin shirya gini maimakon CMake. A nan a kula da sunaye, suna ruɗarwa: --build shi ne injin da kake kai, --host shi ne injin da manhajar za ta yi aiki a kansa, --target kuwa bai shafe ka ba sai in kompaila kake ginawa. Mutane da yawa suna sa --target su yi mamakin ganin an sake gina musu amd64.

Gini ya kammala, file ya ce ARM aarch64. Muka sa qemu-user-static, wanda ke kwaikwayon furosesar ARM a kan kwamfuta, muka nuna masa inda laburaren suke, manhajar ta buɗe, ta karɓi buhu, ta buga lissafi. Na miƙe ina haramar tafiya masallaci da farin ciki. Yaya ya ce, "QEMU ya ce to, amma ba QEMU za a kai mangaza ba. Jona injin." Muka jona Pi mai bit 64, muka zuba, ya ce version GLIBC_2.34 not found. Ga lambar nan ta littafina ta dawo. Ubuntu 22.04 tana da glibc 2.35, Pi yana da 2.31, kuma manhajar da aka haɗa da sabon glibc tana neman alamomin da tsohon bai sani ba. Akasin haka yana yiwuwa: wadda aka gina a kan tsoho tana tashi a kan sabo. Abin ya yi kama da tela ya ɗinka wa wanda bai gani ba riga, amma da awon jikinsa shi telan. Ɗinki ya yi kyau, wuya ya ƙi shiga. Wasu suna kwafo /lib da /usr na Pi su nuna wa kompaila da --sysroot, kuma yana aiki, sai dai akwai jan aiki wurin gyara mahaɗan fayiloli da ke nuni zuwa tushen kwamfutarka maimakon na kwafin. Mu debootstrap muka yi amfani da shi muka kafa ƙaramin Debian 11 a cikin folda, muka shiga da chroot, umarnin da ke sa folda ta zama kamar ita ce tushen kwamfutar, muka sake sa kayan ƙetaren a ciki. An sake cin mega, amma abin da ya fito ya tashi a kan Pi ba gardama. Tun daga ranar, kafin in kai wa inji manhaja sai na buga objdump -T na duba lambar GLIBC mafi girma da take nema.

Saura Zero, kuma shi ne ya fi kowa taurin kai. A cikin Debian ɗin nan muka sa crossbuild-essential-armhf, tunda Zero ma armhf ya ce sunansa. Aka gina, QEMU ya karɓa, Zero ya ce Illegal instruction ya yi shiru. Suna ɗaya ne a kan abu biyu. Armhf na Debian yana buƙatar ARMv7 zuwa sama, shi kuwa na Raspberry Pi OS an sake gina shi ne musamman don ARMv6, saboda Pi na farko na 2012 da Zero suna da furosesar ARM1176. Ko ka sa -march=armv6 ba ka tsira ba, don ƴan guntayen da kompailar Debian ke liƙa wa kowace manhaja, masu tayar da ita da libgcc, an riga an gina su da umarnin v7. QEMU kuma bai kama ba saboda in ba ka ce masa komai ba furosesa ta zamani yake kwaikwaya; sai ka sa QEMU_CPU=arm1176 sannan zai faɗi inda Zero ke faɗuwa. A nan kwafin katin da na yi a Tawa ya fitar da mu. Muka ɗora shi a kwamfuta, muka shiga cikinsa da chroot ta hanyar QEMU, muka yi amfani da gcc, kompailar Raspberry Pi OS kanta, wadda tun asali ARMv6 take fitarwa. Yana da nawa, don kowane umarni sai an kwaikwaye shi, mun sha shayi har zagaye na uku kafin sqlite3.c ya wuce. Amma memorin kwamfuta yake ci ba na Zero ba, babu wanda ya kashe shi, kuma readelf -A ya nuna v6 a layin Tag_CPU_arch. Zero ya karɓa, ka ce ba shi ne ya gama yi mana gardama ba.

Na koma Tawa, na miƙa wa ma'aji rasit ɗinsa, aka kafa injuna, aka yi addu'a. Ba a yi nisa ba magatakarda ya kira ni: "Malam, injin mangaza ya cinye mutane." Idan ya nemi sunan manomi, wasu suna fitowa, wasu babu su kamar ba su taɓa kawo buhu ba, har wani dattijo ya fara ɗaga murya yana zaton an share masa lissafi. Na zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk waɗanda suka ɓata sunansu na da harafi mai ƙugiya, yawanci masu farawa da Ɗan, kuma kowa ya san yawansu a ƙasar nan. Madannin biro na Faransanci ne, babu ɗ babu ƙ, shi ya sa marubucin manhajar ya yi dabara mai kyau: kafin bincike tana sauke ƙugiya, ka buga Dan ta samo maka Ɗan. A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa a matsayin lambobi, harafin Ɗ bayit biyu ne, C6 da 8A, ɗ kuma C9 da 97, dukkansu sama da 127. Shi kuma yadda yake gane su shi ne ya zuba bayit a char, ma'ajin bayit ɗaya a harshen C, ya tambaya ko ya gaza sifili. A kan x86, char yana ɗaukar lamba mai ragi, don haka C6 yana zama ƙasa da sifili, dabarar ta yi aiki shekara da shekaru. A kan Linux na ARM kuwa char ba shi da ragi, daga 0 zuwa 255 yake, tambayar ba za ta taɓa zama gaskiya ba. Harshen C ya bar wa kowace kompaila zaɓi a kan wannan, babu wanda ya karya doka. A ranar na sake gini da -fsigned-char don a sallami mutane, daga baya na bi rubutun na mayar da wuraren unsigned char, ana tambaya ko bayit ya kai 128. Da an kunna -Wextra, da gcc ta faɗa tun a Yamai cewa wannan kwatancin kullum ƙarya ne.

Na biyun ya fi tsoratarwa don ya taɓa nauyi, nauyi kuwa kuɗi ne. Wurin awo babu rezo, saboda haka Zero yana rubuta awon yini a fayil, da yamma a kawo shi biro a kile. Da kwamfutar biro ta karanta, sai ga buhu ɗaya mai nauyin da ko tirela ba ta ɗauka, ga kwanan wata na shekarun da ba a haifi kowa ba. Manhajar tana zuba kowane awo a fayil ne yadda yake kwance a memori, kuma a cikinsa akwai ma'ajin lamba iri biyu na C, long na nauyi da time_t na lokaci. A Linux mai bit 64 kowannensu bayit 8 ne, a Zero bayit 4. Mai rubutu yana tafiya da taku huɗu, mai karatu da taku takwas, sai ya haɗe nauyi da lokaci ya kira su lamba ɗaya. Muddin inji ɗaya ke rubutawa yana karantawa, ba za a taɓa ganin wannan ba. Lissafin bashi bai samu matsala ba ko kaɗan, don yana cikin SQLite, wanda fayilinsa iri ɗaya ne a kowane inji. Na mayar da awon ma can, na canza long zuwa int64_t. Na kuma rubuta ƙaramar manhaja ta karanta fayilolin da Zero ya riga ya rubuta da taku huɗu, babu awon da ya salwanta. Wannan gyaran ya kuma kawar da wata matsalar da ke jira a gaba, don time_t mai bayit 4 zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, kuma Debian 13 na 2025 ta riga ta faɗaɗa shi zuwa bayit 8 a armhf, ma'ana ko tsakanin injuna biyu masu bit 32 tsohon fayil ɗin zai iya rikicewa. Agogo kuwa, an saya wa kowane Pi ɗan allon DS3231 mai batirin kwabo, yanzu ko wuta ta mutu kwanan wata yana nan daidai.

Ga wanda zai shiga irin wannan aiki, abin da zan fara ce masa shi ne kada ya yarda da kalmar ARM ita kaɗai. Ya tambayi dpkg, ya tambayi getconf, ya tambayi ldd, ya rubuta amsoshin kafin ya sauke ko mega ɗaya, don su ne za su gaya masa gini nawa zai yi da kuma a kan wane tsohon tsari zai gina. Ya kwafi katin injin kafin ya taɓa shi. Ya tafi da injin na gaske duk inda zai je, QEMU ya ruɗe mu a kan glibc ya kuma ruɗe mu a kan ARMv6. Abin da ya fi ba ni aiki ma bai fito a lokacin gini ba sam, sai da mutane suka fara amfani da manhajar, saboda haka gwajin ya zama da bayanan gaske: sunaye masu ƙugiya, da fayil da inji ɗaya ya rubuta ɗayan ya karanta. Da sabuwar manhaja ce ake rubutawa, da na ce a duba harshen Go, inda GOARCH da GOARM=6 suka isa a fitar da gini na Zero daga kowace kwamfuta, sai dai da zarar an jawo laburaren C kamar SQLite ta cgo, hanyar da Go ke kiran rubutun C, an dawo neman kompailar ƙetare. Kuma a ganina ƙungiya ba ta ci ribar arhar Zero ba. Abin da aka rage a wurin saye an biya shi a kuɗin mota da forfe.

Yanzu akwai fayil guda a kwamfutar biro da ke gina ukun a jere, ya sa wa kowanne sunan jinsinsa a ƙarshe, ya duba shi da file da readelf, ya ƙi fitar da shi idan bai dace ba. Foldar Debian 11 da kwafin katin Zero suna faifai biyu, ɗaya a biro ɗaya a gidana, don sake sauke su na nufin sake komawa Yamai. Magatakarda ya iya kunna shi da kansa, ya kuma san wane fayil ke zuwa wane inji. Na ba da shawarar a sa tsarin bit 64 a Pi 4 na biyu, a kuma maye gurbin Zero da Zero 2 W na 2021, wanda furosesarsa ke ɗaukar bit 64, sai gini ya koma biyu a huta da QEMU. Ma'aji ya ce in rubuto ƙiyasi, na rubuta. Alhaji ya ce a bari sai an sayar da albasar ajiya farashi ya tashi.